Kwalin Ranar Alhamis

Kun cika min akwatin saƙo da tambayar me ya sa na yi shiru, wasu har da tsokana, wai ko amarci ne ya ɓoye ni tun kafin a ɗaura. Ba amarci ba ne. Ku gyara zama, yau ban zo da abin dariya ba. Wanda bai san ni ba, sunana Feriyal, haifaffiyar Bilida, ina aiki a wani shagon tabarau kusa da tsohuwar kasuwa. Shekarata ashirin da bakwai, kuma ba na cin alkama.

Ba irin ƙin cin 'yan gayu masu rage ƙiba ba. Ciwo ne, siliyak likitoci ke ce masa. Duk abin da alkama ko sha'ir ya taɓa, in ya shiga cikina sai ya kankare min hanji kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya. Ko ɓurɓushi ne kuwa. Sai da na kai sha tara aka gano, bayan an gama zagaye da ni wurin masu ruƙiyya, ana cewa kambun baka ne ya hana ni yin ƙiba. To ku dubi teburin gidanmu: safe burodi, rana kuskus, almuru miya da burodi, baƙo ya zo a fito da kayan zaƙi na alkama. Ni kuwa ina gefe da 'yar robata ta shinkafa.

Yemma, mahaifiyata, ita ta ɗauki ciwon nan a ka. Ta ware min tukunya, ta ware matsami, ta ɗaura jan zare a wutsiyar ludayina don kada wani ya yi kuskure. Ta koyi murza kuskus da garin masara har yatsunta suka saba. Duk duniya in akwai hannun da nake karɓar abinci daga gare shi ido rufe, nata ne.

Amma Yemma uwa ce, kuma uwa a unguwarmu ba ta barci da 'ya mai shekara ashirin da bakwai a ɗaki. Sau biyu ana zuwa nemana. Na farko, wata maƙwabciya ta raɗa wa uwarsa cewa masu irin ciwona ciki ba ya zama a jikinsu, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Na biyu shi da kansa ya tambaye ni a waya, “Yanzu kenan ni ma sai na daina cin burodi a gidana?” Na ce a'a, wuƙa dai za mu raba. Ya ce zai yi tunani. Har yau yana yi.

“Ƙanwarki Rim na bayanki,” kullum waƙar Yemma kenan. “Ba za a tsallake ki a ɗauke ta ba. Wannan karon ki rufe bakinki, in an shiga daga ciki kya faɗa.”

Sai ga Lutfi. Tabaransa ne ya karye ya kawo gyara, dogo, mai sanyin magana, ma'aikacin awon filaye daga Bufarik. Ya dawo karɓa, ya dawo wai yana matse masa kunne, ya sake dawowa wai ya yi sako-sako. A zuwa na huɗu na ce, “Malam, tabaran nan lafiyarsa ƙalau.” Ya ce, “Na sani. Mai shi ne ba lafiya.”

Fitarmu ta farko wani gidan cin kifi ya kai ni a bakin ruwa wajen Tibaza, Rim na teburin gefe tana latsa waya, ita ce 'yar rakiya. Ku da kuke shiga gidan abinci ku nuna abin da ranku ke so a kawo, ku gode Allah. Ni shiga gidan abinci kamar shiga kotu ne.

“Kifin sardin ɗinmu yau ya fito daga ruwa,” in ji mai kawo abincin.

“Ana barbaɗa masa gari kafin a soya?”

“A'a 'yar'uwa, ba gari ko kaɗan. Ɗan ƙanƙani dai, don kada ya kama kasko.”

“Dankalin fa? Man da ake soya shi, ana soya wani abu a ciki?”

Ya juya ya kalli Lutfi, irin kallon nan na “ɗan'uwa, ina ka samo wannan?” Kunya ta rufe ni. Na ce a raina, shi kenan, gara a yi ta ta ƙare. Na ajiye jakata a cinya na faɗa wa Lutfi komai, har maganar da maƙwabciya ta yi a kan haihuwa, da abin da likitata ta ce, cewa in na kiyaye bakina lafiyata lau kamar kowace mace.

Ya ture kujerarsa baya. Ya miƙe ya bi mai kawo abincin har kicin. Da ya dawo hannun rigarsa a naɗe yake, yana ƙaurin hayaƙi. Ashe tsayawa ya yi a kansu sai da suka wanke ragar gashin, suka gasa min kifi da gishiri da lemon tsami kawai. Ya ɗauki kwandon burodin ya kai teburin Rim.

“Yau ni ma ba burodi,” ya ce. “In na faɗi a hanya ki gaya wa mutane yunwa ce, ba soyayya ba.”

Ku gaya min, wace mace ce ba za ta faɗa ba? Na faɗa, har wuya.

Ranar da danginsa suka zo neman aure na sa doguwar riga ruwan zaitun, Rim ta gyara min gashi, Yemma ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai da dalili. Mahaifiyarsa Bahiya, wadda nake kira Khalti, wato inna, gajera ce mai faɗi, awarwaron zinari har gwiwar hannu, tana ƙamshin ruwan furen lemo. Sana'arta kayan zaƙin biki. A Bufarik in ba ita ta yi miki makrud ba, wato gashin tsakin alkama mai dabino a ciki da ake tsomawa a zuma, to bikinki bai cika ba. Da tire guda ta zo. Ta ɗauki ɗaya da hannunta ta miƙo min.

“Ci, binti, ci 'yata, ki ji hannun uwar mijinki.”

Yemma ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata.

“Khalti, ki yafe ni, ba na cin alkama. Ciwo gare ni.”

Kowa ya juyo yana kallona. Ta tsaya da makrud a hannu tana dubana daga sama har ƙasa, sannan ta yi murmushi.

“Lutfi ya ɗan faɗa min. A zamaninmu ciwon ciki sunansa ciwon ciki, a dafa tazargade a sha a tashi a kama aiki. Amma ba komai. Kowane zamani da nasa.”

Aka sa zobe, aka yi guɗa, aka watse. Bayan sun tafi Yemma ta zauna a kicin ta yi kuka, rabi na murna, rabi na haushina.

Alhamis ɗin da ta biyo baya ina shago sai ga saƙon Lutfi.

“Leƙo waje.”

Yana tsaye jikin mota da farin kwali ɗaure da zare ruwan hoda.

“Hajja ta yi kwanaki tana gwaji,” ya ce, haka yake kiran mahaifiyarsa. “Garin shinkafa da na masara. Ta ce amaryarta ba za ta zauna tana kallon bakin mutane ba.”

Na buɗe a bayan kanta. Makrud ne, jere, yana sheƙi. Rabona da shi tun ina sha tara. Na gutsura, ya narke a bakina, hawaye suka zubo min har kan farar rigar aiki. Na kira ta a take ina shessheƙa, ta ce, “Haba binti, ai ke 'yata ce yanzu.”

Da ina da wayo da a nan na tsaya na yi tunani. Na sha gwada makrud da garin shinkafa, kafin ya kai baki ya ruguje kamar ginin yashi. Nata kuwa a haɗe yake, da laushi. Sai na ce ai gwana ce, gwaninta ce ta yi aiki. Mai jin yunwa ba ya binciken tuwo.

Daga nan kowace Alhamis sai kwali ya zo. Ba na ba kowa. A ɗakina nake ɓoye shi, in ci ɗaya da safe, ɗaya da la'asar da shayi.

Jikina bai fito ya yi ihu ba, a hankali ya fara. Kumburin ciki, na ce zullumin biki ne. Gyambo a cikin baki, na ce sauyin yanayi ne. Sai gudawa ta dawo, irin ta da, mai sa in ƙirga nisan banɗaki a duk inda na shiga. Gashi ya fara bin mataji. In na hau benenmu sai na tsaya a tsakiya na riƙe ƙarfe, numfashi na fita da ƙyar. Telar da ke ɗinka min karaku, rigar karammiskin amare mai aikin zaren zinari, ta auna ni a gwaji na biyu ta cire allura daga bakinta.

“Ke, amarya ake yi ko azumin kaffara? Na rage, na sake ragewa. In na ƙara, aikin zinarin zan yanka.”

Na koma gida na zama 'yar sanda. Na zargi man shanu, na zargi kayan ƙamshin da ake niƙo mana, na daina cin komai a waje ko da gasasshen nama ne. Wata safiya na kama Rim ta yanka burodi da wuƙa ta ajiye ta kusa da farantina. Abin da na gaya mata ba zan iya rubuta shi a nan ba. Na ce so take in mutu ta samu hanya. Yarinyar nan ta kalle ni, ta ajiye kofinta ta fita ba ta karya ba. Mako guda ba ta yi min magana ba. Yemma ta sauke duk kwanukan kicin ta wanke da ruwan zafi, ta sayo min sabon matsami.

Ban daina ramewa ba. Ranar wata Talata ina gwada wa wani dattijo tabarau, sai na ga fuskarsa ta rabu biyu. Farkawa na yi a asibiti da ruwa a hannu. Jinina ya yi ƙasa sosai. Likitata, wadda ta san ni tun farkon ciwon, ta zo da sakamakon gwaji ta zauna a bakin gado.

“Feriyal, ni da ke ba ma ɓoye wa juna. Kina cin alkama.”

“Wallahi, Dokta, ba na ci.”

“Bakinki na iya rantsuwa, jininki ba ya ƙarya. Kuma ba ɓurɓushin kuskure ba ne, abu ne da ke shiga a kai a kai. Akwai abin da ke zuwa miki daga wani kicin?”

Kwalin Alhamis ya faɗo min a rai. Da ta fita na ɗauki waya da hannun da ba allura.

“Lutfi, don Allah kada ka ji haushi. Ka tabbata Hajja ba ta kwaɓa nawa a kwanon da take kwaɓa na sayarwa?”

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, ina ganin alamar. Sannan amsa ta zo.

“Da idona nake ganin tana yi. Kwanonki daban, garinki daban. Kada ki yi mata wannan tambayar, za ki karya mata zuciya. Ki ci abinki, shi ne ma kaɗai ke shiga cikinki yanzu.”

Na ji kunyar kaina. Har haƙuri na ba shi.

Bayan an sallame ni Khalti Bahiya ta gayyace mu cin abincin rana, mata zalla, don a ga ɗakunan da aka gyara mana a saman gidanta, inda zan zauna bayan biki. Na sa riga mai faɗi don ta ɓoye ƙasusuwan wuyana, na shafa hoda mai yawa, na saka robar shinkafata da kaza a jaka kamar kullum. Tun daga ƙofa ƙamshin toyi ya tare mu. Buhunan gari jingine a zaure, tire a kan tire, farar ƙura har a kan ƙarfen bene. Na ce a raina, a nan zan rayu. Zan rufe ƙofata, zan iya.

An shimfiɗa dogon tebur. Yayyen Lutfi mata, matan kawunnansa, maƙwabta biyu, Yemma da Rim. Aka kawo rishta, siririyar taliyar hannu da farar miyar kaza mai kirfa, Khalti da kanta ta murza. Na fito da robata a hankali na ajiye a gabana.

Sai na ga hannu mai awarwaro ya ɗauke ta. Ta ajiye min faranti cike da rishta a madadinta.

“Khalti, kin manta, ni ba…”

“Ban manta ba, binti. Yau ranar albishir ce.” Ta juya ga mutane, fuskarta fal annuri. “Ku saurara ku ji ikon Allah. Yarinyar nan likitoci sun tsorata ta, sun raba ta da abincin iyayenta. Na ce ni Bahiya ba za a kawo min amarya gidan gari tana yawo da roba kamar mai bara ba. Makrud ɗin da nake aika mata duk Alhamis, da cokali ɗaya na tsakin alkama na fara. Mako na gaba biyu. Yanzu wata uku kenan, na jiya rabi da rabi ne. Ga ta nan zaune. Ta mutu?”

Wata daga cikin matan ta ce, “Allahu Akbar!” Wata ta tafa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kunnuwana suka toshe, ina ganin bakuna na motsi. Abin da na fara tunawa fuskar Rim ce ranar wuƙar nan. Na juya, ita ma ni take kallo, idonta ya ciko.

“Khalti,” na ce, muryata kamar ba tawa ba, “makon jiya a asibiti na kwana.”

“Gajiyar biki ce. Kowace amarya na yi. Ciki kamar yaro ne, abin da ka saba masa shi yake karɓa. Ci ki ga.”

Rim ta miƙe har kujerarta ta faɗi. “Guba kika yi ta ba ta! Ki dubi hannunta, ki dubi gashinta!”

“Ke, zauna!” Yemma ta daka mata tsawa.

“Guba?” Khalti ta dafe ƙirji. “Abincin da na ciyar da rabin garin nan da shi? A gidana?”

Daidai nan Lutfi ya shigo da kwalaben lemo a hannu, zai ajiye ya fita. Ya ga fuskoki, ya ga farantin da ke gabana, ya tsaya. Ban tashi ba, daga inda nake na tambaye shi, a gaban kowa.

“Ka sani?”

Ya kalli uwarsa. Ya kalli kwalaben.

“Lutfi, da kai nake. Ka sani?”

“Feriyal, mu fita waje mu yi magana.”

“A nan aka faɗa, a nan za ka amsa.”

“Ba tun farko ba,” ya ce a hankali. “Daga baya ta gaya min. Ta ce kaɗan-kaɗan ne, jiki zai saba. Na so ki warke. Kin ga gidan nan, gari ne ko'ina, a cikinsa za ki zauna. Na ce in ya yi aiki…”

“Ina kwance da ruwa a hannu na tambaye ka.”

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauki jakata. Robar shinkafar ma a can na bar ta.

Muka shiga tasi, muka wuce gonakin lemo. Rim na riƙe da hannuna. Sannan Yemma, daga kujerar gaba, ba tare da ta juyo ba:

“Kin kunyata shi a gaban mata. Namiji ba ya manta irin wannan.”

“Yemma!” in ji Rim.

“Kuskure ta yi, amma da kyakkyawar niyya. Katin biki ya fita, an kama zauren taro, dangi na Wahran sun sayi tikiti. Za a ba ta haƙuri, za ta ba da haƙuri, a wuce wurin. Na uku kenan, Feriyal. Babu wanda zai tambayi dalili, cewa za a yi yarinyar ce ke da matsala.”

Na jingina kaina da gilashi. Wayata na ta rawa a jaka. Da muka isa na duba, saƙonnin Lutfi ne.

“Ki yafe min.”

“Na rantse ban san zai kai haka ba.”

“Hajja na kuka, hawan jininta ya tashi. Ko kalma ɗaya ki turo mata.”

Wato ni ce zan lallashe ta. Na kife wayar.

Washegari da hantsi na shiga kicin in sha ruwa, na tarar da Yemma na tankaɗe garin masara za ta yi min kuskus. Ta ga na tsaya ina kallon hannunta. Wallahi ba da wata manufa na kalla ba. Amma sai ta ajiye rariyar, ta zauna a kan kujerar roba, ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta.

“Ni ban taɓa sa miki komai ba,” ta ce. “Allah ne shaidata.”

“Na sani, Yemma. Wa ya ce kin sa?”

“Amma Bahiya ta gaya min.”

Na riƙe bakin tebur.

“Kafin ki faɗi a shago. Ta kira ni ta ce in yi shiru in ga abin mamaki. Na so in hana. Sai na leƙa ɗakinki na gan ki kina cin makrud kina lashe yatsa kina dariya a waya. Feriyal, shekara takwas ina dafa tukunya biyu, ina kallon ki kina haɗiyar yawu a bikin mutane. Na ce ko Allah ya kawo ƙarshen abin ne ta hannun matar nan? Na ce bari in ba shi mako guda. Mako ya zama biyu. Da kika kwanta asibiti na kasa buɗe baki, na ji tsoron idonki.”

“Kin bari na zagi Rim.”

“Na bari.”

“Kin sauke kwanuka kin wanke, kin sayo min sabon matsami, alhali kin sani.”

Kuka kawai take yi. Na so in yi ihu, na so in rungume ta, duka biyun na kasa. Na ɗauki ƙwai biyu, na wanke ƙaramar tukunya da kaina, na dafa su ina tsaye a kai, na tafi da su ɗaki. Tun ranar abin da nake ci kenan, ƙwai da ɓawonsa, ayaba, dankalin da na fere da hannuna. Yemma na ajiye min faranti a bakin ƙofa, Rim na mayar da shi kicin. Likitata ta ce hanjin zai ɗauki watanni kafin ya farfaɗo, kuma sai an sake zura min na'ura an duba irin ɓarnar da aka yi.

Baba bai ce komai ba duk kwanakin nan. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, maganarsa a yini ba ta cika cokali. Rim ce ta ba shi labari. Ta ce ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki hularsa ya fita, bai dawo ba sai magariba.

Jiya Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na ji motoci sun tsaya a ƙasa. Rim ta leƙa taga ta ce kawunnan Lutfi ne su uku, da shi kansa a bayansu, kansa a ƙasa. Sun zo ba da haƙuri, su kuma tabbatar da ranar Fatiha. Na ji an shigar da su falo, na ji ƙarar kofuna, na ji muryar Yemma tana marhabin da irin muryar da take ajiye wa manyan baƙi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofata. Baba ne, da farar jallabiyarsa ta Juma'a, riƙe da lemo biyu. Ya ajiye su a kan gadona.

“Ban ɓare ba,” ya ce. “Ki ɓare da kanki.”

Ya zauna a bakin gado yana kallon tafin hannunsa.

“Mutanen suna falo. Uwarki ta faɗa min nata ra'ayin, na ji. Yaron ya same ni a masallaci ya yi kuka, ya ce zai kama muku haya nesa da gidan uwarsa. Na ji wannan ma. Saura naki. Abin da kika ce shi zan faɗa, ba ƙari ba ragi.”

“Baba, ina son sa.”

“Na sani.”

“Amma in ya miƙo min ruwa a kofi, sai na tsaya ina tunani. Yau, gobe, ranar da nake da ciki, ranar da na haifi ɗa mai irin ciwona aka kai shi gidan kakarsa. Ba zan iya zama da mutum ina binciken hannunsa ba.”

Ya gyaɗa kai. Na kama zoben zan murɗa, sai ya zame da kansa, yatsan ya rame. Na sa masa a tafin hannu. Ya dunƙule, ya miƙe, ya dafa kaina, abin da rabonsa da yi tun ina 'yar firamare.

Na bi shi zuwa bakin ƙofa, Rim a bayana. Falon na can ƙarshen baranda. Yemma na tsaye a ƙofarsa da tiren kofi. Ta kalli fuskar Baba, ta kalli dunƙulallen hannunsa, ta kalli yatsana. Na ga ta gane.

Ta ajiye tiren a ƙasa. Ta ɗaga kai, ta kai hannu bakinta, ta rangaɗa guɗa.

Doguwa, mai kaifi, irin wadda ake yi in amarya ta ce ta amince. Daga falo na ji maza sun ɗauki “Alhamdu lillahi, Allah ya sa albarka.” Maƙwabciyarmu ta sama ta amsa guɗar ta taga, ta ƙasa ma ta karɓa, kafin ka ce me duk benen ya ɗauka.

Baba ya tsaya cik a tsakiyar baranda, zoben na cikin hannunsa. Ya juyo ya kalle ni.